Dugadugan Barau

A shekarun da maharan Ningi suka hana kudancin ƙasar Kano sakat, akwai wani maɗori a Birnin Kudu ana ce masa Iliyasu. Ɗori gadonsa ne, uba da kaka. Hannunsa ba a yi masa gardama, bakinsa ne mutane ke tsoro. In aka kawo masa mai karaya, kafin ya taɓa ƙashi sai ya fara taɓa mutuncin mai ƙashin. "Garin yaya?" ita ce tambayarsa ta fari, kuma ba don bai sani ba yake yin ta. Yana so ne ya ji irin ƙaryar da za a yi masa, don shi da ya ɗora yatsa a kan ƙafa ya riga ya san ko faɗuwa ce, ko duka, ko gudun da bai zo da sa'a ba. Mutane na zaginsa a bayan ido, amma da ƙashi ya ɓalle gidansa ake nufa.

'Ya ɗaya Allah ya bar masa a raye, Barira, tana aure a Gwaram. Ita ta ga mijin ta ce ya yi mata, wani Barau, dogo mai faɗin ƙirji, da murya irin ta masu shela. Ranar da ya fara zuwa gaisuwa Iliyasu ya dube shi sama da ƙasa, da ya tafi ya ce wa uwar Barira, "Ƙwauri kamar na zalɓe, baki kamar na kwaɗon damina." Amma bai hana ba. Uwar ta rasu bayan bikin da shekara guda, gidan ya rage daga shi sai jakinsa da masu zuwa da karaya.

Ana tsakiyar girbin dawa, wata ranar da hantsi, sai ga Haladu yayan Barau ya yi sallama a zaure. Ya durƙusa, ya daɗe yana gaisuwa, ya tambayi gida, ya tambayi jaki, ya koma ya sake tambayar gida.

"Haladu, daga Gwaram ka taso don ka ji lafiyar jakina?"

"Baba, sai haƙuri. Mahara sun faɗo mana. Barau yana gonarmu ta wajen Dingaya yana yankan dawa, Barira ta kai masa fura, suka rutsa da su. Ya tsaya ya yi iyakar yinsa, har ya kayar da uku daga cikinsu, sannan suka taru a kansa da kulake suka karya masa ƙafafu duka biyu. Ita kuwa sun tafi da ita."

Iliyasu ya tashi ya shiga cikin gida, ya tsaya a tsakar gidan yana kallon turmin da Barira ta saba daka a ciki tun tana yarinya. Ya jima a nan. Da ya fito, burgamensa na rataye a kafaɗa, da damin karan ɗori da ya saƙa kamar ƙananan asabarai, da kwagirinsa, ya kwance jakinsa.

"Ƙafafun ƙanenka ne suka kawo ka, ko labarin 'yata?"

"Duka biyun ne, Baba."

"Ɗaya dai ya ɗauko ɗaya. Mu tafi."

Suka kwana a hanya, suka shiga Gwaram da la'asar. An toshe ƙofofin ganuwa in ban da guda ɗaya, ita ma samari ne tsaye da kwari da baka suna harare-harare, kamar ba jiya-jiya suka ranta a na kare ba. Labari ya riga su shiga cewa maɗorin Birnin Kudu ya iso, saboda haka kafin ya kai gidan su Haladu an jere masa masu rauni a gindin wata tsamiya.

Ya bi su ɗaya bayan ɗaya. Na farko idon sawunsa ya kumbura ta waje, ya ce wani ƙato ne ya taka shi suna kokawa. Iliyasu ya murza ƙashin da ke tsaye a gefen idon sawun, ya ji shi lafiya lau, jijiyoyin da ke ƙarƙashinsa ne suka ja.

"Targaɗe ne. Ƙaton da ya taka ka sunansa kunya, a gona yake kwance. Ka tsallake ta farko, ta biyu ta kama ka."

Na biyu ƙoƙon gwiwarsa ya goce ya koma gefe. Iliyasu ya miƙar da ƙafar a hankali, ya tura ƙoƙon da babban yatsa ya koma mazauninsa, mutumin ya ƙwala ihu sannan ya yi ajiyar zuciya. Shi ma da labarinsa na mashi da garkuwa, Iliyasu bai bari ya kai ƙarshe ba. Sai wani tsoho da ƙaramin ƙashin ƙwaurinsa ya karye, wannan siririn da ke raɓe da babban ta waje.

"Kai kuma da mutum nawa ka kara?"

"Gudu nake yi, Malam, na faɗa rami."

Iliyasu ya ɗago ya dube shi. "Allah ya yi maka albarka. Ashe da sauran mutum a garin nan." Ya zauna ya yi masa ɗori a tsanake, ya shafa man shanu, ya naɗa auduga, ya jera kara ya ɗaure, har ya ba shi goro.

Zauren su Haladu kuwa ba masaka tsinke. Barau na kwance a kan gadon kara, an jingina shi da matasai, an lulluɓe ƙafafunsa da sabon gwado. Mata na aiko da kwanuka, dattawa na shigowa suna sa albarka. Wani maroƙi ya kafa gwiwa a bakin ƙofa yana ta zuba masa kirari, yana kiransa bangon gabas, yana kiransa namijin da ya tari gayya shi kaɗai. Da Barau ya ga surukinsa sai ya rufe fuska da hannun riga, kafaɗunsa suka shiga rawa.

"Baba, na yi iya ƙoƙarina. Allah ne bai nufa ba."

"Za mu gani," in ji Iliyasu, ya yaye gwadon.

Ya fara daga sama, kamar yadda ubansa ya koya masa. Ya dafa kwatangwalo ya girgiza, lafiya. Ya bi cinyoyin da tafin hannu, ba kumburi, tsawonsu ɗaya. Ya sa babban yatsa a kan ƙashin ƙwauri, inda ba abin da ya raba shi da duniya sai fata, ya bi shi tun daga gwiwa har idon sawu, dama da hagu. Sumul, ko tabon tsinke babu. Wanda aka doka da kulki kuwa, kulkin kan bar sa hannunsa a wurin, fata ta fashe ko ta yi baƙi, ƙashi ya karye a gicciye daidai inda ya sauka. A nan ba ko ɗaya.

Ɓarnar tana can ƙasa. Dugadugan biyu sun kumbura sun yi faɗi kamar an taka danƙwalin tuwo, jini ya kwanta baƙi ƙirin a tsakiyar tafin ƙafa. Iliyasu ya kama diddige ɗaya tsakanin tafukansa ya matsa ta gefe da gefe. Barau ya yi wata ƙara da ta sa maroƙin ya haɗiye sauran kirarinsa.

"Tsatsonka na ciwo?"

"Kamar zai rabe, Baba."

Iliyasu ya gyaɗa kai. Ya sha ganin irin wannan a wurin masu hawan giginya da masu yaɓen soro. Mutum in ya faɗo daga sama ya dira a tsaye, diddige ke fara karɓar nauyinsa ya murƙushe, abin da ya rage ya haura ya sauka a tsatso. Ya ɗaga rigar Barau. Ƙirji ya saluɓe, cikin cinyoyi ya saluɓe, irin na wanda ya rungumi itace ya zamo. Gwiwoyi da tafukan hannu duk sun ɗaye, ƙasa ta shige cikin ciwon. A wuya da bayan kunne kuwa ga ƙananan kumburi birjik, wasu da ƙarin zuma a ciki har yanzu.

"Da kulki, ka ce?"

"Da kulake, Baba."

"Ashe mahara sun koyo sabon yaƙi. Su kayar da mutum, su bar kansa, su bar haƙarƙarinsa, su tsallake ƙwauri da ke gabansu, su laluba ƙarƙashin dugadugansa su doka. Mutane masu ladabi."

Wasu suka yi 'yar dariya, ba su san ko ta dace ba. Maroƙin ya ga an yi shiru, ya ce, "Ai sun san a ƙafa ƙarfinsa yake."

"Yau kam ka faɗi gaskiya, ko da ba da niyya ba," in ji Iliyasu.

Diddige ba ƙashin da ake jera wa kara ba ne. Ya yi bisimilla, ya tattaro kowanne da tafukansa ya matse shi ya koma kusa da siffarsa, ya naɗe da auduga da tsummokin saƙi, ya sa aka kifa turmi aka ɗora ƙafafun a kai don kumburi ya sauka. Ya tsunkuli farcen kowane yatsa ya ga jini na komowa. Sannan ya wanke hannu ya tambayi Haladu, a gaban kowa, daidai inda aka tsinci ƙanensa.

"A bakin hanya, Baba, da ɗan nisa daga gonar. Bayan maharan sun wuce muka fita neman namu."

"Kun shiga gonar?"

"Ya ce mana kada mu ɓata lokaci, a kan idonsa suka ɗaure ta suka yi kudu da ita."

Da gari ya waye Iliyasu ya ɗaura wa jakinsa akumari. Haladu ya ce zai raka shi, ya ce ba ya bukata, shi ba jarumi ba ne, ba wanda zai kula shi.

Gonar ba ta yi wuyar ganewa ba. Rabin dawar na tsaye, rabi a kwance, tsuntsaye na biki. A gefenta ga wata ƙatuwar kuka, masu ɗiban zuma sun kakkafa mata turaku tun daga gindi har rassa, ga amya a can sama. Ya tsaya a ƙarƙashinta ya ɗaga kai. Turke ɗaya, wanda ya fi tsayin mutum uku daga ƙasa, ya karye, farin itacen na nan sabo. Guntunsa na yashe a gindin kukar. Daga nan sawun wanda ya ja jiki a ƙasa ya miƙe ya nufi hanya. Ya juya ya shiga cikin karan dawa, ya tarar da fasasshiyar ƙwarya, tururuwa sun gama da furar, da ludayi a gefe. Ya san ludayin. Shi ya saya mata a kasuwar Birnin Kudu.

Yana tsugune da ludayin a hannu sai ya ji motsin shanu. Wani Bafillace ne mai furfura a gemu, da sanda a kafaɗa, ya koro 'yan shanunsa suna kalar kara. Suka gaisa. Ya ce sunansa Bappa, rugarsu na can gindin duwatsu ta wajen Fagam.

"Malam, kamar kana neman wani abu."

"Mai wannan ludayin nake nema. 'Yata ce."

Bappa ya sauke sandar daga kafaɗa. "Kai ne maɗorin Birnin Kudu? Ashe kun yi saɓani da ƙanena, shi na tura ya kirawo ka. Tana wurinmu. Da ranta."

Iliyasu ya miƙe, ya ce a kai shi wurinta. Bappa ya kora shanunsa suka kama hanya.

A hanya Bappa ya ba shi labari. Washegarin harin ya zo duba ko mahara sun bar ciyawa, ya ji nishi a cikin dawa. Ya aza ta a kan takarkari ya kai ta ruga. Zazzaɓi ya rufe ta, ba ta san inda take ba. Bai iya kai labari Gwaram ba, don a kwanakin duk Bafillacen da ya doshi ƙofar gari cewa ake yi shi ya nuna wa mahara hanya. Da ta farfaɗo kuma, matarsa Hapsatu ta riga ta jiyo labarin jarumtar Barau a bakin masu sayen nono, ta faɗa mata. Barira ta ce ko gawarta kada a kai Gwaram, a nemo mata ubanta.

Iliyasu ya same ta a cikin bukka, kwance a kan ƙirgi, ta rame har idanunta sun faɗa. Da ta gan shi ba ta yi kuka ba, ta dai kama bakin rigarsa ta riƙe.

"Baba, ka zo."

"Na zo. Saki rigar in ga ƙafar."

Tun daga bakin ƙofa ya riga ya gani. Ƙafar dama ta gajarce, tafinta ya kwanta ya kalli waje, cinyar ta kumbura kamar tulu. An ɗaure ta da sanduna biyu da igiyar rama. Ya taɓa yatsun ya ji da ɗumi, ya sa ta motsa su, suka motsa. Sai a sannan ya saki numfashi, bakinsa kuma ya dawo.

"Wa ya yi wannan ɗaurin? Ɗan maraƙi aka ɗauke ta?"

Hapsatu na tsaye a bayansa da ƙwaryar kindirmo. Ta ce, "Ni na yi. Maraƙi muka iya, shi muka yi mata. Da mun sani mu bar wa kuraye ita, in ka zo sai ka ɗora abin da suka rage yadda kake so."

Rabon da a mayar wa Iliyasu da magana haka tun uwar Barira na da rai.

Yana kwance igiyar Barira ta ba shi labari, muryarta ƙasa-ƙasa. "Ina sauke ƙwarya na ga ya yar da lauje ya zura da gudu. Ban san abin da ya hango ba. Ko 'gudu' bai ce mini ba. Kafin in waiga ya kai rabin kuka. Doki ya banke ni, ya taka ni a nan. Suka ɗaga ni, ƙafar ta lanƙwashe, ɗayansu ya ce wannan kaya ce, ba za ta yi tafiya ba. Suka zare mini awarwaro suka kora jakinmu suka wuce. Shi yana sama yana kallo. Da rana ta yi sanyi zuma suka dame shi, ya taho saukowa, na ji faɗuwarsa. Na kira shi. Ya dube ni, Baba. Tsakaninmu bai fi nan da turken maruƙan can ba. Ya ce in yi shiru kada su dawo, ya ja gwiwa ya yi hanya. Na ɗauka mutane zai kirawo. Har gari ya waye ina sauraron tafiyarsu."

Iliyasu ya ci gaba da kwance igiya. Ya kwance ƙulli ɗaya ya sake ƙulla shi bai sani ba.

Ƙashin cinya shi ne uban ƙasusuwan jiki, kuma naman da ke kewaye da shi ya fi kowane nama ƙarfi. Da ƙashin ya karye sai naman ya tattare, ya ja guntayen biyu su hau juna, shi ya sa ƙafa ke gajarcewa. Kwanakin da ta yi a kwance sun sa naman ya daskare a haka. Ya gaya mata gaskiya cewa za ta ji abin da ya fi takun dokin. Ya sa aka zura zane ta matsematsinta aka ɗaure a jikin turke, Hapsatu ta rungume kanta ta sa mata tsumma a baki, Bappa ya kama idon sawu.

"Ba fizga za ka yi ba. Ja a hankali kamar kana jawo saniya daga taɓo, kuma kada ka saki sai na ce."

Bappa ya ja. Iliyasu ya nutsa yatsunsa cikin cinyar yana bin bakin ƙashi, gumi na ɗiga daga gemunsa, har ya ji na ƙasa ya sauko ya tsaya a bakin na sama. Ya juyo da tafin ƙafar ya kalli sama, ya jera dogayen kara tun daga ƙugu har ƙasan gwiwa, ya ɗaure. Barira ta suma ta farfaɗo. Ya haɗa dugaduganta ya gwada. Ta dama ba ta cim ma ta hagu ba, saura kamar faɗin yatsa biyu. Ya san ba za ta ƙara cim mata ba har abada. Da an kawo masa ita ran da abin ya faru, da zancen ya bambanta.

Kafin ya koma Gwaram ta kira shi. "Baba, na san bakinka. Igiyar aurena kawai nake so ka karɓo mini. Kada ka tsaya a kasuwa ka mai da ni abin hira."

Ya yi gunaguni, amma ya yi alkawari.

Ya tarar da zauren kamar yadda ya bar shi, har an ƙara kwanuka. Ya ce kowa ya fita, zai sake ɗauri, in ban da Haladu. Ya zauna ya ɗora ƙafar Barau a cinyarsa ya fara warware tsumma.

"Barira na gaishe ka."

Barau ya ƙame. Haladu ya dubi ƙanensa, ya dubi tsohon.

"Tana rugar Bappa da karyayyar cinya. Na kuma gaishe maka da kukar, ta ce ka bar mata fatar ƙirjinka."

Barau ya fara magana, kalmomin na tuntuɓe da juna. "Baba, su da yawa ne. Da na sauko da mu biyun za su kashe. Ba makami a hannuna, lauje ne kawai..."

"Hawan kuka ban ga laifinsa ba. Ni ma da zan hau in gwiwata ta yarda. Tsoro halitta ne, akwai tsoho a garin nan da ya ce mini gudu yake yi, na ba shi goro. Abu ɗaya nake tambaya. Mutanen da suka ɗauke ka a bakin hanya, yayanka na cikinsu, me ya hana ka ɗaga yatsa ka nuna musu gona?"

Barau ya kawar da kansa wajen bango.

"Yatsan ma karyewa ya yi? Kawo in duba."

Haladu ya zame ya zauna a ƙasa ya dafe kai, yana ta salati a hankali.

Iliyasu ya ɗauki sabon tsumma ya fara naɗi. Ya san ɗauri kamar yadda ya san sunansa. Ya san in ya ƙara ja kaɗan, ya bar shi haka, kafin a farga yatsun za su yi sanyi, su yi baƙi, ƙafar ta ruɓe tun daga ƙasa, kuma ba mai cewa komai sai ƙaddara. Ya ja. Ya ƙara ja. Ya ga faratan Barau sun yi fari fat, ya tsunkuli ɗaya, jini bai komo ba. Barau na kallonsa, ya gane, amma ko motsi ya kasa. Tsohon ya daɗe yana duban yatsun nan. Sannan ya yi tsaki, ya warware, ya sake naɗawa daidai.

"Ba don kai ba. Ban taɓa ɓata aiki ba, ba kuwa zan fara a kan ƙafar da ba ta kai ba."

Aka kirawo liman da wani dattijo, Barau ya saki Barira a gabansu, kansa a sunkuye. Da suka fita Haladu ya bi Iliyasu har inda ya ɗaure jaki, ya durƙusa.

"Baba, ka rufa mana asiri. Gidanmu ne zai tozarta, ba shi kaɗai ba. Wallahi da na sani da na shiga gonar."

"Gona taku, hanya taku, idanu naku. Ba wanda ya ce a leƙa ko gawa ce a ba ta sutura, kuna sauri ku kawo jarumi gida. Ni an riga an ɗaure mini baki, ba kai ka ɗaure ba. Ka roƙi masu tallan nono."

Ya kuwa cika alkawari, ko da yake da ya ratsa kasuwa ya ji ana labarin mutum ukun da Barau ya kayar sai da ya ciji gemunsa. Amma kame bakinsa bai rufe asirin ba. Hapsatu ba ta yi wa kowa alkawari ba, kuma gida-gida take shiga da ƙwaryarta. Kafin kasuwa ta zagayo, duk Gwaram ba wanda bai taɓa shakkar labarin ba tun farko. Waɗanda suka fi kowa aiko da kwano su suka fi kowa cewa su dama sun ga alama. Maroƙin ya kwashe kirarinsa bai zubar da ko ɗaya ba, ya kai wa wani mai fataucin kanwa.

Iliyasu ya tare a ruga, yana kwana a bukkar baƙi, kullum suna cacar baki da Hapsatu a kan gishirin miya da yadda ake juya majinyaci. Lokaci-lokaci yakan hau jaki ya je Gwaram ya sake wa Barau ɗauri, ba ya ce masa uffan, har ya sallame shi. Dugadugan sun haɗe, amma sun baje, kamar yadda irinsu kan yi. Barau ya tashi yana tafiya kamar mai taka rairayi da tsakar rana, ba ya iya tsayuwa a kan kunya balle noma. Ya koma saƙar tabarma a cikin gida, ba ya fita sai sallar Juma'a, ita ma a sahun baya.

Sai da bazara ta kusa ƙashin Barira ya yi ƙwarin da za a ɗauke ta. Bappa ya ba da takarkari, Hapsatu ta raka su har bakin kogi, ta cusa wa Barira ƙullin man shanu, ta ce wa tsohon ya rage baki ko ya samu mai yi masa wankan gawa. Ya ce ya ji, in ya mutu ita zai aika a kira.

A Birnin Kudu Barira ta fara da sanda biyu, ta koma ɗaya, ta yar. Gwiwar ta yi tauri saboda daɗewa a ɗaure, kullum da safe uban ke zaunar da ita a bakin turmi yana lanƙwasa ta kaɗan-kaɗan, tana cije leɓe, yana ce mata ragguwa. Ɗingishi dai ya zauna, in ta yi doguwar tafiya ƙugunta ya yi ciwo. Da ya ga haka sai ya je wurin wani baduku a bakin kasuwa, ya ce a ɗinka mata takalmi, na dama a riɓanya masa fata ya fi na hagu kauri da yatsa biyu.

Badukun ya ɗinka ya kawo. Iliyasu ya sa ta saka ta tsaya, ya tsuguna a bayanta ya dafa ƙugunta da hannu biyu, ya ce ya yi tudu, yatsun baduku ba irin na mutane ba ne. Aka rage. Ya ce yanzu kuma ya yi ƙasa, ko fatar ce ake jin ƙyashinta? Badukun ya tattara kayansa ya ce shi ya gaji, a nemi wani.

"Baba, ka ƙyale bawan Allah," in ji Barira. "Wannan ɗin ya yi mini."

Ta ɗauki tulu ta nufi rijiya. Iliyasu ya tsaya a ƙofar zaure yana kallon kafaɗunta, yana auna ko ɗaya ta fi ɗaya sauka, har ta sha kwana. Sannan ya juyo ya ce wa badukun ya zauna ya sha fura, amma gobe ya dawo da fata mai kyau, don wannan ba za ta ga ƙarshen damina ba.